Ɗakin da Ke Fita Daga Jikin Mota: Darasi a Kan Batir da Ƙarfin Lantarki

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota wadda a ke ƙerawa domin mutum ya zauna a cikinta kamar gida. Waɗansu girmansu ya kai na babbar bas. A ciki akwai gado, da kujeru, da wurin dafa abinci, da tankin ruwa, har da makewayi. Hausa ta riga ta tanadi suna wanda ya dace da ita, watau tafi-da-gidanka. Kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya soma ƙera irinta a shekarar 1966, kuma masana'antu masu yawa na wannan sana'a suna jihar Indiyana, a kewayen garin Elkhart.

Amma maƙeran suna da wata damuwa. Hanya ba ta mutum ɗaya ba ce, saboda haka a mafi yawan jihohin Amurka doka ba ta yarda faɗin mota ya wuce ƙafa 8 da rabi ba, watau kimanin mita 2.6. Wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai wannan faɗi ya san ƙuncinsa. Sai suka yi dabara, suka ƙera wani ɗaki a cikin motar wanda ya ke shiga da fita kamar cikin kwalin ashana. In ana tafiya yana ciki. In an sauka masauki sai a danna maɓalli, bango ya zame waje ƙafa biyu ko uku, da kujerunsa da kabad ɗinsa, ɗaki ya yalwata. Wajen shekarar 1990 ne kamfanin Newmar na Indiyana ya fito da irin wannan ɗaki mai aiki da inji a cikin manyan motocinsa, sauran kamfanoni suka bi sawu.

Na san wani daga cikinku zai ce, "Malam, ina ruwanmu da motar da ba mu gani a tashar Kafanchan?" To, ga amsa. Abubuwa biyar ne su ke fitar da wannan ɗaki: batir, da waya, da fis, da injin lantarki, da giya. Dukansu biyar suna cikin motar hayar da ta kawo ku daga Kwoi ko Zonkwa ko Kagoro, uku na farko kuma suna cikin kowane gida mai wutar sola. Yaran da za ku koyar, waɗansunsu za su zama direbobi, waɗansu masu wayarin, kusan dukansu kuwa wata rana za su sayi batir da kuɗin guminsu. Wanda bai fahimci wannan darasi ba zai kashe batir mai tsada tun bai tsufa ba, ko ya ɗaura waya a gurbin fis mota ta kama wuta. Na zaɓi wannan ɗaki ne domin ya tara abubuwan nan biyar wuri ɗaya, kuma labarinsa ya kan sa yara su kasa kunne.

Batir

Ɗakin ba ya aiki da wutar gari kai tsaye. Da batir mai bolt 12 ya ke aiki, irin na dalma da ruwan asid, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago a shekarar 1859. Kafinsa, a 1800, Alessandro Volta na ƙasar Italiya ya harhaɗa batir na farko, daga sunansa ne kuma aka samo kalmar bolt. In kun dubi batirin mota irin mai marufai a sama, za ku ƙirga marufi shida. Kowane ɗaya gida guda ne mai ba da kimanin bolt 2.1. An jera su shida, wannan na bin wannan, sai suka tashi bolt 12.6.

Tafi-da-gidanka tana da batir iri biyu. Na farko shi ne na tayar da inji. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne kuma suna da yawa, domin aikinsa ya ba da wuta mai yawa ƙwarai cikin sakan kaɗan, sa'an nan ya huta. Na biyu shi ne batirin gida. Farantansa masu kauri ne, an yi shi domin ya riƙa ba da wuta sannu a hankali dare guda, a cika shi, ya sake bayarwa. A galibin motocin daga wannan na biyu ne ɗakin ya ke shan wuta. Ku lura da wannan bambanci, gama shi ne dalilin da ya sa mutumin da ya ɗauki batirin mota ya haɗa da sola don kallon talabijin, ba ya jimawa sai ya ga batirin ya mutu. Dokin sukuwa ne aka sa shi aikin jaki.

Ana cika batirin gida ta hanya uku ko huɗu: da cajar injin motar sa'ad da a ke tafiya, da wutar gari a masauki, da janareta, da kuma faifan sola a kan rufi. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda reshen Jos ya rabu da hanyar da ta taso daga Fatakwal zuwa Kaduna. A ƙasashe da yawa taragon fasinja irin na dā yana da dinamo a ƙarƙashinsa wanda juyin ƙafar jirgin ya ke juyawa, da akwatin batir a gefensa. In jirgi na gudu dinamo ya cika batir, in ya tsaya a tasha batir ya riƙe fitilu.

Ga yadda a ke sanin cikar batirin dalma da ma'aunin bolt, bayan an bar shi ya huta awa kaɗan ba caji ba aiki:

Kimanin bolt 12.6, ya cika.
Kimanin bolt 12.4, saura kashi uku cikin huɗu.
Kimanin bolt 12.2, saura rabi.
Kimanin bolt 12.0, saura rubu'i.
Bolt 11.9 ko ƙasa da haka, ya ƙare.

Kun ga ashe batirin da ya nuna 12 daidai mayunwaci ne, ko da ya ke an rubuta 12 a jikinsa. Mai son batirin dalma ya daɗe ba ya barinsa ya sauka ƙasa da rabi, kuma ba ya ajiye shi babu caji, domin wani farin gishiri ya kan daskare a jikin farantan ya hana su karɓar wuta.

Bolt da Amfiya da Wat

Yara su kan rikita waɗannan kalmomi uku. Ni da ruwan Matsirga na ke bayyana su, tun da ya ke kusan kowane yaron wannan yanki ya gan shi ko ya ji labarinsa. Tsayin dutsen da ruwan ya ke faɗowa daga kansa, shi ne misalin bolt, watau ƙarfin turi. Yawan ruwan da ke zubowa cikin kowane sakan, shi ne misalin amfiya. Cikin watan Agusta da cikin watan Fabrairu tsayin dutsen ɗaya ne, amma ruwan Agusta ya fi yawa nesa ba kusa ba, saboda haka aikin da zai iya yi ya fi. Wannan aiki shi ne wat, kuma ana samunsa in an riɓanya tsayi da yawa:

bolt × amfiya = wat

Da wannan ƙa'ida ce kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya sa faɗuwar ruwan Kurra ta ba ma'aikatan kuza na Filato wutar lantarki.

Akwai abu na huɗu, shi ne tirjiya. Kowace waya tana ɗan tirje wa wutar da ke bi ta cikinta, kamar yadda siririn bututu ya ke tirje wa ruwa. Ana auna tirjiya da om, sunan Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe wanda ya buga ƙa'idarsa a 1827:

amfiya × om = bolt ɗin da ya ɓace a hanya

Bari mu ɗauki misali wanda za mu yi ta aiki da shi. Lambobin misali ne na zaɓa don sauƙin lissafi, gama kowace mota da nata. A ce injin ɗakin yana jan amfiya 20, kuma yana ɗaukar sakan 30 kafin ɗakin ya gama fita. Bolt 12 sau amfiya 20, wat 240 ke nan. A jikin batir a kan rubuta cikinsa, a ce amfiya-awa 100. Sakan 30 kashi ɗaya ne cikin 120 na awa guda, saboda haka abin da ɗakin ya sha shi ne 20 a raba gida 120, watau sudusin amfiya-awa ɗaya. Cikin ɗari ko guda bai cinye ba. Ku riƙe wannan da kyau: ɗakin ba ya cin wuta mai yawa, amma ɗan abin da zai ci yana sonsa gaba ɗaya, da ƙarfi.

Inji da Giya

A shekarar 1820 Hans Ørsted na ƙasar Denmak ya lura in wuta na bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita ta kan karkata. Watau waya mai wuta ta zama maganaɗisu, abin da yara ke kira mayen ƙarfe. A 1821 Michael Faraday na Ingila ya sa waya mai wuta ta riƙa kewaya maganaɗisu, wannan kuwa shi ne kakan dukan injunan lantarki. In aka naɗe wayar jan ƙarfe a jikin baƙin ƙarfe, ƙarfin ya kan ninku sau da yawa. A nan malami zai iya tuna wa yara cewa baƙin ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1928 masu haƙar kuza suka tono sassaken yumɓu kusa da ƙauyen Nok, daga baya kuma Bernard Fagg ya tono matoyan tama a Taruga, waɗanda suka nuna mutanen wancan zamani suna narkar da ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Injin ɗakin bai fi gwangwanin madara girma da yawa ba. A cikinsa akwai maganaɗisu a jikin bango, da naɗin waya a tsakiya mai juyawa. In wuta ta shiga ta wannan waya ta fita ta waccan, ya juya dama. In aka musanya wayoyin biyu, ya juya hagu. Aikin maɓallin ke nan: a danna sama ɗaki ya fita, a danna ƙasa ya musanya wayoyin ɗaki ya koma. Haka maɓallin gilashin ƙofar mota ya ke yi.

To, ƙaƙa ɗan wannan inji zai tura ɗaki da kayansa? Inji yana da sauri, amma ba shi da ƙarfi. Da hannu ma a iya riƙe shi. Giya ita ce mai sayar da sauri ta sayo ƙarfi. A ƙarƙashin ɗakin akwai doguwar sandar ƙarfe mai haƙora kamar zarto, da ƙaramin faifai mai haƙora wanda ya ciji sandar. In faifan ya juya sai ya tura sandar gaba, ɗaki ya bi ta. A ce kewayen faifan santimita 15 ne, ɗakin kuwa zai fita santimita 90. Faifan zai juya sau 6 kaɗai cikin sakan 30. Amma in injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, cikin sakan 30 ya yi 1,500. A raba 1,500 gida 6, an sami 250. Watau sai injin ya juya sau 250 kāna faifan ya juya sau ɗaya. Sauri ya ragu sau 250, ƙarfin murɗawa kuma ya ƙaru kusan haka, ban da abin da gogayya ta cinye.

Gogayya kuwa tana cin rabo babba. A ce turin da ɗakin ya ke bukata daidai ya ke da ɗaga buhun masara uku masu kilo 100 kowanne. Ɗaga kilo 1 tsayin mita 1 cikin sakan 1 yana cin kusan wat 10. Kilo 300 sau mita 0.9 ya ba da 270, a raba gida 30 an sami 9, sau 10 ya zama wat 90. Mun zuba wat 240, mun sami aikin wat 90. Ina sauran 150? Sun zama zafi a cikin waya da inji da haƙoran giya. Babu abin da ya ɓace, kama ce kawai ya sauya.

Waɗansu maƙera suna amfani da sanda mai murɗaɗɗen zare, irin na jikin ƙusar da a ke ɗaura wa noti, tana juya faifai mai haƙora. Kyawun wannan giya shi ne inji ya iya juya kaya, amma kaya ba su iya juya inji. Shi ya sa ba a iya danne gilashin mota da hannu ya sauka, shi ya sa kuma jak mai murɗawa ba ya sakin mota. Waɗansu kuma su kan ƙara wa injin birki na lantarki, mai kamawa da zarar an ɗauke wuta, domin kada ɗaki ya zame waje a kan kwana.

Don Me Ɗakin Ke Tsayawa a Rabin Hanya?

Wannan ita ce ƙarar da masu irin waɗannan motoci su kan kawo: fitilu suna ci, rediyo na magana, amma an danna maɓalli ɗaki ya yi nishi ya tsaya. Sai mutum ya ce ai batir lafiya lau ya ke, inji ne ya lalace. Sau da yawa kuwa injin ba shi da laifi. Bari mu bi sawun wutar da lissafi.

Na farko, batir kansa yana da tirjiya a cikinsa. A ce ta sabon batir om 0.01 ce, ta tsoho mai gishiri a faranti kuwa om 0.1. Ƙwan fitila mai jan rabin amfiya zai rasa bolt 0.05 kaɗai a tsohon batir, ido ba zai gane ba. Amma injin mai jan amfiya 20 zai rasa bolt 2 cif a tsohon, alhali a sabon 0.2 kurum zai rasa. Rijiya mai ƙaramin ido ta iya cika buta, amma in aka sa mata injin ban ruwa nan da nan sai ta ƙafe.

Na biyu, waya. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita 1, wadda bakinta ya ke murabba'in milimita 1, tana da tirjiya kimanin om 0.0175. In tsawo ya ƙaru tirjiya ta ƙaru, in kauri ya ƙaru ta ragu. A ce daga batir zuwa inji mita 6 ne. Wuta sai ta je ta komo, saboda haka mita 12 za mu lasafta. Da waya mai kauri 2.5, tirjiya ita ce 0.0175 sau 12 a raba da 2.5, watau om 0.084. Sau amfiya 20, bolt 1.7 ya ɓace. Da waya mai kauri 6 tirjiyar om 0.035 ce, abin da ya ɓace bolt 0.7.

Yanzu mu haɗa. Sabon batir cikakke da waya mai kauri: 12.6 a ɗebe 0.2 a ɗebe 0.7, inji ya sami bolt 11.7, ɗaki ya fita sumul. Tsohon batir mai rabin ciki da siririyar waya: 12.2 a ɗebe 2 a ɗebe 1.7, inji ya sami bolt 8.5. Da wannan ba zai kai ko'ina ba.

Na uku, kan batir mai tsatsa ko noti mai sako-sako. Wannan farar ƙura ko shuɗiya da ku ke gani a kan batir tirjiya ce ita ma, kuma wurin ya kan yi zafi in an taɓa. Mai wayarin da ya san aikinsa ba ya auna batir yana zaune kawai. Ya kan sa wani ya danna maɓalli, shi kuma ya duba ma'auni sa'ad da injin ke ja, a kan batir da fari, sa'an nan a bakin inji. Bambancin lambobin biyu shi zai gaya masa inda ɓarawon ya ke.

Saboda wannan ne waɗansu kamfanoni su ke umartar a bar injin mota yana aiki sa'ad da a ke fitar da ɗaki, domin caja tana ɗaga wutar zuwa wajen bolt 14. Ko an jona motar da wutar gari, wadda a Amurka bolt 120 ce, a Nijeriya kuwa 230, na'urar da ke mai da ita bolt 12 ba kullum ta ke iya ɗaukar fizgar farko ita kaɗai ba. Lalle sai da lafiyayyen batir a bayanta.

Fis

Injin lantarki in yana juyawa ya kan zama dinamo a lokaci guda, yana tura wata wuta baya wadda ta ke rage abin da ya ke ja. In wani abu ya tokare ɗakin, kujera ko reshen itace, injin ya tsaya cik, wannan turi na baya ya ɓace. Ba abin da ya rage sai tirjiyar naɗin wayar kaɗai. In ita om 0.15 ce, bolt 12 a raba da 0.15, amfiya 80 ke nan. Zafin waya kuwa ba ya bin amfiya ɗaya bayan ɗaya. In amfiya ta ninku sau 4, zafi ya ninku sau 16. Robar waya ta narke, abin da ke kusa ya kama.

Fis ɗan siririn ƙarfe ne wanda aka yi domin ya narke kafin waya ta narke. Mai gadi ne wanda ya ke mutuwa don gida ya tsira. Wurinsa kusa da kan batir mai alamar tarawa, domin ya tsare dukan tsawon wayar, girmansa kuma gwargwadon abin da wayar za ta iya ɗauka ne. In ya ƙone, ba shi ne cutar ba, labarin cutar ya kawo. Wanda ya cire shi ya cusa takardar azurfa ta kwalin taba, ko ya naɗa waya, ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Ku faɗa wa yara wannan sau uku in ta kama.

Ɗakin da Mai Ke Turawa

Manyan ɗakuna masu nauyi da mai a ke tura su. Batir ya juya inji, inji ya juya famfo, famfo ya matsa mai cikin bututu, mai ya tura sandar ƙarfe. Ƙa'idar ta Blaise Pascal ce, Bafaranshe na ƙarni na 17: in aka matsa ruwan da ke kulle, matsin ya kan isa ko'ina daidai. A 1795 Joseph Bramah na Ingila ya ƙera matsa mai aiki da ita. In filin bakin babbar sanda ya fi na ƙarama girma sau 10, ƙarfi ya ninku sau 10, amma sai ƙaramar ta yi tafiyar santimita 10 kāna babbar ta yi 1. Cinikin nan dai ne na giya, a ba da nisa a karɓi ƙarfi. Haka tifa ta ke ɗaga yashi, sai dai ita injin motar ne ke juya famfonta. Famfon ɗaki ya fi ƙaramin inji jan amfiya, saboda haka wayarsa ta fi kauri, kuma shi ne ya fi saurin tona asirin rarraunan batir.

Kowane irin ɗaki ne, maƙera su kan bar wurin da za a sa sifana ko hannun murɗawa a mai da shi ciki in batir ya mutu, gama mota ba ta hawa hanya da ɗaki a waje.

Yadda Za Ku Koyar da Shi

Ba ku bukatar ɗakin gwaji. Ga abin da na ke ba da shawara, darasi huɗu.

Darasi na farko: kwalin ashana, da labarin motar, da misalin Matsirga. Ku bar yara su faɗi da kansu abin da su ke tsammani yana tura ɗakin, ku rubuta amsoshinsu a allo, kada ku gyara tukuna.

Darasi na biyu: babbar ƙusa, da siririyar waya mai rufi, da batirin tocila guda. A naɗa waya sau 20 a ƙirga allurai nawa ƙusar ta ɗauka, a naɗa sau 40 a sake ƙirgawa. Kada a bar wayar a jone fiye da sakan kaɗan, gama za ta yi zafi. Kada kuma a gwada wannan da batirin mota ko kaɗan.

Darasi na uku: a kifar da keke. Yara su ƙirga haƙoran babban faifai da na ƙarami, su raba, su faɗi sau nawa ƙafar baya za ta juya in feda ta juya sau ɗaya, sa'an nan a gwada a gani. Ku tambaye su: keke ƙarfi ya ke saye ko sauri? Ɗakin fa?

Darasi na huɗu: sabon sirinji babba da ƙarami, ba allura, a haɗa su da siririn tiyo, a cika da ruwa. Yaro ƙarami ya danna ƙaramin, babba ya danna babban, a ga wa zai rinjayi wani. In kuna iya samun tsohon injin gilashin mota wurin masu sayar da kayan gyara, da batirin babur, da fis mai amfiya 10, ku nuna musu yadda musanya waya ta ke sauya juyi. Malami kaɗai ne zai riƙe wayoyin.

Game da batirin dalma ku koya musu ƙa'idodi huɗu. Kada a kawo wuta ko taba kusa da shi yana caji, domin yana fitar da iska mai fashewa. Ruwansa yana cin fata da tufafi, in ya taɓa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. A tuɓe zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa shi. In za a kwance shi daga mota a fara cire kai mai alamar ɗebewa, in za a ɗaura shi ne na ƙarshe.

Tambayoyi

1. Inji yana jan amfiya 15 daga batir mai bolt 12. Wat nawa ke nan?
2. Waya mai kauri 4, tsawonta zuwa da komowa mita 16, tana ɗauke da amfiya 20. Bolt nawa ya ɓace?
3. Don me tsohon batir ya ke kunna fitila amma ya kasa tayar da mota?
4. Fis ya ƙone sau biyu a jere. Me ya kamata direba ya yi, me kuma bai kamata ya yi ba?
5. Faifai mai haƙora 12 yana juya mai haƙora 48. Me aka samu, me aka rasa?

Ku yi waɗannan da kanku kafin ku ba yara. Ranar da za ku fita koyon aikin koyarwa, ku ratsa ta garejin da ke kusa da makarantarku, ku gai da mai wayarin, ku roƙe shi ƙonannen fis da mataccen inji ku kai aji. In ya yarda ya zo da ma'auninsa ya nuna wa yara yadda lamba ta ke faɗuwa sa'ad da a ke tayar da mota, to, rabin darasinku ya koyu kafin ku ɗauki alli.